BISHOP FEARON DA MAƘWABCIN DA BA MU SANI BA

Na san da yawanku labari kuka leƙo nema, kuna ɗokin jin yadda za ta kaya tsakanin masoyan da aka bari cikin tsaka mai wuya, sai ga shi na tare muku hanya da zancen wani limamin Kirista. Na kuma san akwai wanda tun daga ganin take ya ɗaure fuska, yana cewa me ya haɗa kifi da kaska? To a yi mani uzuri a bi ni zuwa ƙarshe, in ya so duk wanda ya ga na yi kure sai ya gyara mani, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya jawo wannan magana a mota ya faru. Wata rana da damina na shiga mota a Kwanar Dangora zan tafi gida Doguwa, aka haɗa ni kujera da wani dattijo mai furfura, da farar riga da hularsa, kai ka ce daga ɗaurin aure yake. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, muka shiga hirar masara da tsadar taki, da yadda aka yi fama da ɓarayin shanu a dajin Falgore. Hausarsa ta fi tawa nuna nesa ba kusa ba, da wuya ya yi jimla uku bai jefa karin magana ba, in kuma direba ya faɗa rami shi ne farkon mai cewa Allah ya tsare. Da muka iso Tudun Wada direba ya tsaya a yi la'asar, sai na ɗauko buta na miƙa masa, na ce, “Baba, bismilla.” Ya yi murmushi ya ce, “Je ka yi taka ɗana, ni zan duba maka jakarka. Ni Kirista ne.”

Mai karatu, ka san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, “Ashe Baba ba Bahaushe ba ne?” Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Bai yi fushi ba, ya dai ce da ni, “To in ba Bahaushe ba ne ni, mene ne ni? A ƙasar nan aka binne cibiyar kakana, kuma in ka raba ni da Hausa ka mai da ni bebe.”

Da muka ci gaba da tafiya muka nausa cikin Falgore, sai ya gaya mani shi mai bishara ne a wata ƙaramar majami'ar ɗariƙar Angilikan a ƙauyensu. Ya lissafa mani salloli biyar da raka'o'insu bai yi tuntuɓe ba. Ya san bambancin ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, ya san lokacin da Tijjanawa ke zaman wazifa, ya san abin da ya sa ba a ratsawa ta gaban mai salla. Sannan ya juyo ya tambaye ni, “Kai fa ɗana, ka san bambancin mu da 'yan Katolika? Ka san bambancin mu da 'yan ECWA?” Na yi tsuru-tsuru, ni da nake taƙamar na yi boko. A nan ne ya ce da ni ai suna da wani babba da ya tafi har Ingila takanas don ya karanci Musulunci, ya dawo yana koya wa limamansu. A bakinsa na fara jin sunan Bishop Josiah Idowu-Fearon, daga baya na bi diddigin mutumin.

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1949, a garin Gerinya da ke cikin Jihar Kogi ta yanzu. Ba da aikin coci ya fara ba, da kaki ya fara, domin kuwa makarantar soja ta yara da ke Zariya ya shiga. Yana can ne zuciyarsa ta karkata ga aikin addininsa, kuma kamar yadda shi kansa ya ba da labari, Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, shi ne ya sahale masa ya ajiye kakin ya tafi. Ka ji ikon Allah, Musulmi ɗan sarautar Fulani ne ya buɗe wa yaro ƙofar zama limamin Kirista. Daga nan ya tafi kwalejin tauhidi ta Immanuel da ke Badun, aka keɓe shi a matsayin limami a 1971. Bayan wasu shekaru ya wuce Ingila, ya yi digirin farko kan tauhidin Kirista a Jami'ar Durham, sannan ya yi abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa, wato ya shiga Jami'ar Birmingham ya yi digiri na biyu a fannin nazarin addinin Musulunci. Bai tsaya nan ba, ya ƙara karatu a Hartford ta Amurka, wadda ta yi suna wajen nazarin dangantakar Musulmi da Kirista, digirinsa na uku kuma a nan gida ya yi shi, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a fannin nazarin halayyar zaman jama'a.

A shekarun 1980 ya shugabanci kwalejin horon limamai ta St. Francis da ke Wusasa. Bari in ɗan dakata a Wusasa, don wanda bai san Wusasa ba ba zai gane daga inda dattijon motar nan ya ɓullo ba. A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan ta ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta iso Kano, Sarki Alu ya ƙi karɓarsu, ya ce su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda bai haƙura ba, ya zauna a birnin Zariya daga 1905 yana ba da magani yana koyar da yara, har zuwa 1929 da aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwa, wato Wusasa. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina can da jar ƙasa, ginin Hausa ne sak. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, Miller ne jigon fassararsa. Daga wannan ɗan ƙaramin wuri aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ku kuma masu son adabi, John Tafida Umaru da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, mutumin Wusasa ne. Wato ke nan ɗaya daga cikin littattafan da aka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa a kansu, da hannun Bahaushe Kirista a ciki. Mu nawa ne muka karanta shi a makaranta ba tare da wannan ya taɓa ɗarsuwa a ranmu ba?

Mu koma ga mutuminmu. A 1990 shugaban cocin Angilikan na Nijeriya na lokacin, Akbishop Joseph Abiodun Adetiloye, ya buɗe sababbin dayosis guda takwas a Arewa, wato yankunan da kowanne bishop guda ke kula da shi. Aka yi a Minna da Kafanchan da Katsina da Sakkwato da Makurɗi da Yola da Maiduguri da Bauci, kuma ba su ɓoye ba cewa don yaɗa bishara aka buɗe su. Idowu-Fearon aka tura Sakkwato a matsayin bishop na farko, yana ɗan shekara 41. Na jima ina tunanin wannan naɗi. Ko wanda ya yi shi ya lura ko bai lura ba, an tura mutumin da ya karanci Musulunci ne zuwa garin da aka taɓa yin sarkin da ya karanci Kiristanci. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riƙa yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kirista, yana ambaton sunayen tsofaffin ɗariƙunsu irin su Nasturawa, yana son ya ji su Ingilishi a wane ɓangare suke. Clapperton da kansa ya rubuta cewa tambayoyin sun fi ƙarfin saninsa. Ka ji fa, ɗan Shehu Mujaddadi ya san rabe-raben Kirista fiye da Kiristan da ya tako daga Ingila. Bayan shekara kusan ɗari biyu, ni jikan almajiransa an tambaye ni bambancin Katolika da Angilikan a mota na kasa.

A 1998 aka mayar da shi Kaduna, kuma a nan ne wutar ta same shi. Kowa ya san abin da ya biyo bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a ƙarshen 1999. A Fabrairun 2000 Kaduna ta kama da wuta kan batun, aka sake a watan Mayu, aka rasa sama da mutum 1,000. A Nuwamban 2002 kuma aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya, bayan wani rubutun ɓatanci da ya fito a jaridar ThisDay, nan ma sama da mutum 200 suka salwanta. Tun daga lokacin kogin Kaduna ya zama kan iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu, mutanen da suka shekara talatin suna aron gishiri a wurin juna suka sayar da gidaje suka rabu. A irin wannan yanayi abu mafi sauƙi ga shugaban addini, ko liman ko fasto, shi ne ya hau mumbari ya faɗa wa mabiyansa abin da kunnuwansu ke son ji. Mai yin haka ba ya rasa tafi, ba ya rasa jama'a. Shi wannan bishop bai ɓoye damuwarsa kan aiwatar da shari'a ba, a nan kuwa ni da shi mun sha bamban, kuma ba na jin akwai abin da zai sa mu daidaita. Amma bai ɗauki hanyar zuga ba. Ya ci gaba da zama da malaman Musulmi, ya kuma kafa wata cibiya a Kaduna ta nazarin dangantakar Kirista da Musulmi, inda ake zaunar da limaman coci da sauran ɗalibai a koya musu mene ne Alƙur'ani, mene ne Hadisi, yaya tarihin Musulunci yake, daga tushen da Musulmi suka yarda da shi, ba daga jita-jitar bakin kasuwa ba.

Kada ka zaci mutanensa sun yi masa guɗa. Har laƙabi aka yi masa da Turanci, wanda in ka juya shi da Hausa zai ba ka wani abu kamar Malam Tattaunawa, kuma da yawa daga cikin nasa sun riƙa yi masa kallon mai sassauci da yawa ga Musulmi. Ka sa kanka a matsayin wanda aka ƙona wa coci aka kashe wa ɗa, sannan ka ga shugabanka yana shan shayi da limamin Juma'a, ka gaya mani yadda za ka ji. Mu ma ai haka muke yi wa namu. Duk malamin da aka gani a hoto da fasto sai an yi masa fassara. Ya riƙe muƙamin Akbishop na lardin Kaduna daga 2002, bayansa aka zaɓi Bishop Edmund Akanya na Kebbi, shi kuma ya ci gaba da riƙe dayosis ɗinsa. A waje kuwa tauraronsa haskawa ya yi ta yi, har a 2013 Akbishop na Canterbury, Justin Welby, ya ba shi lambar girma ta Gicciyen St. Augustine saboda wannan aiki.

A 2015 aka naɗa shi Babban Sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar Angilikan ta duniya, mai ofishi a Landan, wadda ke lissafa mabiya kimanin miliyan 85 a ƙasashe fiye da 165. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar. Za ka ɗauka cocin Nijeriya zai yi biki, ina! Sanarwa ma ya fitar, a zamanin shugabancin Akbishop Nicholas Okoh, cewa ba da yawunsa mutumin ya karɓi muƙamin ba. Dalili kuwa shi ne tun 2003, lokacin da cocinsu na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji ɗan uwansa, gidan Angilikan ya dare biyu. Cocin Nijeriya na kan gaba cikin waɗanda suka ce ba za su lamunta ba, suka yi nasu taron a birnin Ƙudus a 2008, suka kuma ƙaurace wa babban taron Lambeth na shekarar da na 2022. Shi Idowu-Fearon yana kan cewa aure tsakanin namiji da mace ne, amma ya ƙi yarda cewa maganin saɓani shi ne a tashi a bar tabarma. Ban kawo wannan don in shiga rigimar gidan wasu ba, kuma a kan asalin mas'alar matsayin addinina a fili yake. Na kawo shi ne don a ga hali ɗaya ne mutumin yake da shi ciki da waje: ya riƙe abin da ya gaskata, kuma ya ƙi daina magana da wanda suka saɓa. Ya sauka a ƙarshen Agustan 2022, Bishop Anthony Poggo na Sudan ta Kudu ya gaje shi.

To yanzu bari in zo ga abin da na san yana cin ran wasunku, don wani abokina ya riga ya jefe ni da shi. Cewa ya yi, “Kai dai ba ka da wayo. Ai ba don Allah ya karanci Musulunci ba, don ya san ta inda zai ɓullo mana ne.” Ba zan yi musu ba cewa bishop bishop ne. Burinsa mutane su zama Kirista, dayosis ɗin da aka fara ba shi ma don haka aka buɗe ta, kamar yadda ni ma burina dattijon motar nan ya yi kalmar shahada kafin ya bar duniya. Duk wanda ya ce maka tattaunawa tana nufin kowa ya zubar da da'awarsa, yaudararka yake yi. Amma tambayata ga abokina ita ce: tun da dai Kirista ba za su ƙare a Arewa ba, mu ma ba za mu ƙare ba, wane ne ka fi so ya hau mumbarin coci ranar Lahadin da gari ya ɗauki zafi? Wanda ya san matsayin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a zuciyar Musulmi, har zai iya ja wa samarinsa kunne cewa nan wurin ba a wasa da shi, ko kuwa wanda duk saninsa da Musulunci bai wuce abin da ya ji a mashaya ba? Rubutun da ya tayar da Kaduna a 2002 ai rashin sanin wannan matsayi ne ya haife shi.

Juya tambayar kuma ta dawo kanmu, don in za ka faɗi, faɗi gaskiya. A Fabrairun 2006 an ƙona coci-coci an kashe mutane a Maiduguri saboda zanen da aka yi a Denmark, aka kuma rama a kan 'yan uwanmu 'yan ci-rani a Anaca, waɗanda su ma ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Me ya haɗa mai sayar da kayan gyaran mota a Maiduguri da wata jarida a Turai? Babu, sai dai a idon wanda bai sani ba duk Kirista ɗaya ne, daga Fafaroma har mai wankin hula. Ba ma sai mun je nesa ba. A ƙarshen Satumbar 2007 rikici ya tashi daga wata makarantar sakandare a Tudun Wada tamu kan zargin zanen ɓatanci, aka rasa rayuka, aka ƙona majami'u da shaguna. A wannan garin ne fa na miƙa wa dattijon nan buta. Ban tambaye shi inda yake a ranar ba, shi ma bai ɗauko zancen ba.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi a wurina, ita ce cewa duk wannan tattaunawa ta manya ce, a otal ake yin ta, a ci kaji a ɗauki hoto a watse, ba ta isa ƙauye. Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2017 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya naɗa Idowu-Fearon shugaban Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, a daidai lokacin da babban aikinsa ke Landan. Hukumar na nan aka yi kashe-kashen Kasuwan Magani a Oktoban 2018, tana nan aka yi na Kajuru a 2019. Wanda ya binne nasa a waɗannan wurare yana da haƙƙin ya tambaya me hukumar ta tsinana masa, ni kuma ba ni da bakin ba shi amsa. Rikicin gona da burtali da sarauta da siyasa ba ya jin wa'azi shi kaɗai. Shi ya sa a ganina ba kujerar Landan ko ta hukuma ce babban abin da mutumin ya bari ba. Ajin nan ne da ya zaunar da fastoci. Fasto guda da ya fita daga ajin ya koma ƙauye zai shekara talatin yana magana da mutane duk mako, abin da babu taron otal ɗin da zai iya.

Ina namu ajin? Wani zai ce ai muna da shi, ga kaset-kaset ɗin Shaihu Ahmed Deedat, Allah ya jiƙansa, ga masu wa'azin kwatanta addinai a bakin tasha. Ban raina aikinsu ba, amma wannan ilimin muƙabala ne, ilimin kayar da abokin gaba a fage. Zai koya maka ayar da za ka ɗaure fasto da ita, ba zai koya maka abin da maƙwabcinka ke nufi in ya ce za shi sujada ba, ko me ake yi a zumuntar mata, ko me ya sa wasunsu ke azumi kafin Ista. Kuma wannan da nake kira a yi ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Ibn Hazm na Andalus da Shahrastani duk sun wallafa manyan littattafai kan addinai da ƙungiyoyi, Biruni kuwa sai da ya koyi harshen malaman Indiya kafin ya yi rubutu a kan addininsu. Babu wanda ya ce imaninsu ya ragu. Ba ina cewa a ɗauki yaron da bai gama Ahalari ba a miƙa masa littafin wasu ba ne, a'a, wannan aikin waɗanda ƙafarsu ta kafu ne. Amma liman a Doguwa ko Riruwai, inda Bahaushe da Bafulatani da Bakurme ke cin kasuwa ɗaya, inda in ka miƙe hanya kaɗan ka faɗa Saminaka, bai kamata a ce bai san su wane ne ke bayan katangarsa ba.

Daga nan sai in juyo kanmu, mu marubuta da makaranta, don a nan gizo ke saƙar. Na karanta littattafan Hausa ba adadi, tun muna karɓar haya a shagon unguwa har aka koma karantawa a waya. An kai ni Dubai, an kai ni Landan, an shigar da ni gidajen da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Amma a iya abin da na karanta, in Kirista ya fito, to ɗaya daga cikin uku ne: ko Inyamuri mai shago da ake kwaikwayon gurɓatacciyar Hausarsa don a yi dariya, ko abokiyar banza da ke lalata tarbiyyar jaruma a jami'a, ko kuma kyakkyawar yarinyar da aka ajiye don ta musulunta a babin ƙarshe a sa mata suna A'isha. Ban ce musulunta ba ta faruwa ba, tana faruwa, kuma muna murna. Amma ina dattijon motata? Ina matarsa da ke surfe da daka irin na uwata? Ina 'yarsa mai suna Ladi ko Talatu, da ke jin kunyar suruki kamar kowace 'yar Hausa? Mutanen nan fa ba tatsuniya ba ne. A nan Jihar Kano, a ƙasar Rogo, ɗariƙar Angilikan ta kafa dayosis ta Bari, bishop ɗinta na farko sunansa Idris Zubairu. A Ikara maƙwabciyarmu an naɗa Yusuf Janfalan, a Wusasa an naɗa Ali Buba Lamido. Ka ji sunayen da kyau. In ka gan su a jerin masu ɗaurin aure ba za ka ɗaga gira ba.

Illar wannan giɓi ba ƙarama ba ce, domin yarinyar da ke kulle a gida, littafi ne tagarta. In ta karanta littafi ɗari ba ta taɓa cin karo da Bahaushe Kirista mai mutunci ba, to ranar da aka ce da ɗanta ga arna can sun yi kaza, babu wata fuska da za ta faɗo mata a rai ta sa ta riƙe masa riga. Ni ma da na ce wa dattijo ashe ba Bahaushe ba ne, ba daga sama na tsinci maganar ba, abin da aka shayar da ni ne na amayar. Ba kuma ina neman a rubuta littafin wa'azin haɗin kai ba ne, irin wanda kowa a ciki mala'ika ne, wannan ko kyauta aka ba ni ba zan karanta ba. A rubuta su yadda suke, da na kirki da na banza, da abin da ke haɗa mu da su a gona da kasuwa, da inda aka ja layi ba a tsallakewa, kamar aure da makabarta.

Na gwada da kaina, don kada a ce ina aiken da ba zan iya zuwa ba. Na fara wani labari a kan mai bishara da limamin ƙauye da suka gaji rigimar iyakar gona daga iyayensu. Babi na farko ya tafi sumul, don a gidan liman yake. Da na shiga babi na biyu, inda aka yi wa mai bishara haihuwar jika, sai alƙalami ya tsaya cak. Ban san ko ran bakwai suke suna ba, ban san wa ke raɗa sunan ba, ban san ko wanzami na zuwa ba, ban san addu'ar da ake yi ba. Wanda zai gaya mani kuwa ya sauka tun kafin mu shiga Doguwa, a wata 'yar mararraba inda wani yaro ke jiransa da babur, ya ce in gaida mutanen gida, ni kuma ko sunansa ban tambaya ba. Don haka in akwai wanda ya san yadda ake sunan a cikin masu karatu, ko Musulmi ne ko Kirista, don Allah ya taimaka mani, babin yana nan yana jira.